Hannun Rukmini, Harshen Giok

A layinmu na garin Lasem na bakin teku, idan azumi ya kai ashirin ba sai an duba kalanda ba. Daga idar da sallar asuba ƙamshin bota da na pandan, ganyen da muke ƙamsasa abinci da shi, yake fara bin bango, ya kutsa ɗakuna, ya maƙale a labule da gashin kai, har mai wucewa a keke sai ya rage gudu bai san dalili ba. Daga kicin ɗin Mbah Rukmini yake fitowa, kakarmu ta wajen uwa.

'Yar tsurut ce, ba ta da yawan magana, kuma Allah Ya yi ta da sanyin hannu irin wanda ba a saba gani ba. Ko da tsakar rana ta dafa maka goshi, sai ka ji kamar an ɗora maka ɗanyen ganyen ayaba. Tana shekara goma sha huɗu aka kai ta gidan su Liem, Sinawa masu sana'ar batik, ta zauna cikin matan da ke zana narkakken kaki a kan farin yadi. Hannunta ba ya rawa. Tsuntsayen da take zanawa, in ji tsofaffin ma'aikata, idan aka shanya yadin iska ta kaɗa shi sai ka rantse tashi za su yi.

Shekararta ta uku a gidan aka kawo wa ɗan masu gida amarya daga Semarang, sunanta Giok. Doguwa, mai tsiwa, mai kaifin harshe a magana da kuma a abinci. A shekarar nan Sallah da sabuwar shekarar Sinawa kusan tare suka faɗo. Uwar mijin ta miƙa wa amarya gwangwanin bota ɗaya da kwanon sitaci, ta ce ta yi biskit ɗin da gidan ya saba tarbar baƙi da shi. To, Giok hannunta wuta ne. Tana taɓa bota sai ta narke ta zama mai, kwaɓin ya riƙa tsatsafo gumi kamar mai zazzaɓi. A bayan randunan rini Rukmini ta tarar da ita, ta tasa kwano a gaba, hawaye na ɗiga a ciki.

"Cik," in ji Rukmini, yadda ake kiran matan Sinawa da girmamawa, "in kika ci gaba da kukan nan ba sai an sa gishiri ba. Kawo in gani."

Amarya ta ɗago ta harare ta. "Ke kuma wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Kawo."

Ta sa hannu a kwaɓin, cikin ɗan lokaci ya dawo hayyacinsa. Amma Rukmini na azumi, ba halin ta ɗanɗana. Sai Giok ta lakata ta kai baki, ta rufe ido, ta ce sukari ya yi, gishiri saura kaɗan, kwakwar kuma ta jiya ce. Uwar miji ta ci biskit ɗin ta yi shiru, wanda a wurinta yabo ne babba. Ta rasu bayan shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa sanin hannun wa ta ci ba.

Da Rukmini ta auri kakanmu Darmo, kafintan jiragen kamun kifi, sai suka samu gida a jikin katangar bayan gidan su Liem. Kicin da kicin, bango ɗaya ne tsakani. Giok ce ta matsa wa mijinta lamba har ya yarda Darmo ya fasa 'yar taga a bangon, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, ya sa mata murfin katako. Giok ta je kasuwa da kanta ta sayo sabon faranti fari mai hoton kifi shuɗi, da cokali ɗaya, ta rataye su a ƙusa ta ɓangaren Rukmini. Ta ce farantin nan ba zai taɓa kwana a kicinta ba, don ta san abin da tukwanenta suke dafawa, har da naman alade. Haka aka yi shekara hamsin.

Aikin na safe ne. Bota ba ta jiran kowa, da rana ta ɗaga ƙarfe goma ta sake jiki. Don haka Mbah tana dawowa daga masallaci take ɗora kasko, ta zuba sitacin rogo, ta yanyanka ganyen pandan a ciki, ta yi ta juyawa a kan wuta marar ƙarfi har ganyen ya bushe ya yi ƙaras, sitacin ya yi shafal yana tashi kamar hayaƙi. Ta bar shi ya huce. Ta buga bota da sukari da muciyar katako har su yi fari, ta saki ƙwaiduwa ɗaya bayan ɗaya, ta zuba madarar kwakwa da ta dafe ta yi kauri, da ruwan pandan da ta daka ta tace, da ɗan kankaren bawon lemon tsami. Ba ta da sikeli, ba ta da takarda. Tana cewa ma'auni ba zai yi ba, don botar bana ba ta bara ba ce, kwakwar bakin teku daban take da ta kan tudu, kaji ma ba kullum suke ƙwai da zuciya ɗaya ba. Idan kwaɓi ya haɗu sai ta ɗiba a cokali, ta ɗora a farantin kifi, ta ƙwanƙwasa taga sau biyu.

Malamin masallacinmu ya taɓa gaya mata cewa in ta taɓa da kan harshe ta tofar, azuminta na nan. Ta ce, "Malam, kai ka san littafi, ni na san maƙogwarona."

Ta can ɓangaren kuma Giok tana zaune da kayan aikinta: kofin shayi mai ɗumi da ɗan kwanon kunun shinkafa marar komai. Tsakanin ɗanɗano da ɗanɗano sai ta sha cokali ɗaya na kunun ta kora da shayi, wai harshe kamar allo yake, sai an wanke ake sabon rubutu.

"Yu," haka take kiran Mbah, "wannan me kika kawo mini? Ko agwagi sai sun yi shawara kafin su ci."

"To sarauniya, me ya rage?"

"Gishiri. Tsunki biyu. Kuma wa ya sayo miki kwakwar nan, makaho?"

"Darmo ne."

"Na faɗa."

Farantin ya koma, ya dawo. Wata rana sau biyu, wata rana sau biyar. Idan abu ya kai inda take so, Giok ba ta taɓa cewa ya yi daɗi. Sai a ji ƙarar cokali a faranti ta taga, sannan muryarta, "Za a iya ci. Mai hannun gawa, je ki gasa." Daga nan Mbah ta cusa kwaɓin a ɗan mazurarin kwano ta matso shi fure-fure a tire, ta zura a tanderun langa-langa da ke kan risho, wanda gilashin ƙofarsa ya daɗe da yin baƙi. Na farko da ya fito shi ma sai ya bi ta taga. Ranar jajibiri kwalba goma sha biyu ce take cika, biyu na gidan Giok. Idan sabuwar shekararsu ta zo, Mbah ta sake yi musu, amma ko a lokacin da ba azumi ba, ba ta ɗanɗanawa. Ta ce aikin wani ne.

Ba wai ba sa saɓawa ba, tsakanin harshe da haƙori ma ana yi. Akwai shekarar da suka yi wata huɗu ba sa magana a kan wata kaza da ta tsallaka katanga ta ɓata yadi. Amma da azumi ya kai ashirin da ɗaya farantin ya bi ta taga, ya dawo da tsunkin gishiri biyu a gefensa, ba wanda ya ce uffan. Mazajensu suka rasu, sana'ar batik ta gidan ta mutu, randunan rini suka zama matattarar ruwan sama da kwaɗi. Tagar dai tana nan.

Shekarar da zan ba da labari, saura mako biyu a kama azumi Giok ta faɗi a tsakar gida. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ɗanta Hok Sing ya taho daga Surabaya. Jiki dai ya fara sauƙi, likita ya ce tana iya haɗiyar abu mai laushi, amma ta ƙi ci. Duk wanda ya matso da cokali sai ta datse baki ta juya wa bango fuska. Ruwa kawai take yarda da shi, shi ma da ƙyar. Mbah ta kai kunu, ta kai romon kaza, ta lallasa, ta yi faɗa, ta yi kuka. Giok ko kallonta ba ta yi ba.

Ranar ashirin ga azumi da yamma Hok Sing ya zagayo gidanmu. Ya tsaya a ƙofar kicin, ƙato da furfura, yana murza makullin mota kamar yaron da ya fasa tulu.

"Mak," haka yake kiran Mbah, wato inna, "na yi magana da likita. In har zuwa Lahadi ba ta fara ci da kanta ba, zan tafi da ita Surabaya. A can za su sa mata roba ta hanci."

"Sai yaushe za ta dawo?"

Ya kawar da kai yana kallon tagar.

"Sing, da kai nake."

"Mak, wa zai kula da ita a nan? In mun tafi rufe gidan zan yi."

Ranar Talata ce. Mbah ta ƙirga da yatsu a cikin zaninta, kwana biyar.

Washegari ta dawo daga sallar asuba, hannunta ya kama aiki da kansa ba tare da ta sa shi ba. Sitaci ya tashi a kasko, hasken safiya ya ratso ta rufin kicin ya kama shi a iska, fari-fari yana shawagi. Ta tsaya tana kallo, sai ta ga kamar yadin da suke shanyawa tana yarinya ne, layi-layi har bakin teku, ga wata doguwar amarya tana ratsawa a tsakani da kwano a hannu. Ta buga bota, ta saki ƙwai, ta haɗa kwaɓi. Ta ɗiba a farantin kifi ta ƙwanƙwasa taga sau biyu, ta tsaya jira. Sai da ta ji kukan tattabaru a kicin ɗin can sannan ta tuna.

Ta daɗe a tsaye da faranti. Abin da ya fara zo mata shi ne, shekara hamsin tana wannan kwaɓi, ba ta san ɗanɗanonsa ba. Rabin sanin yana hannunta, ɗaya rabin yana kwance a ɗaki ya juya wa bango fuska. Sai kuma wani tunani ya biyo baya. Tun da take da Giok ba ta taɓa ganin ta karɓi abu don an tausaya mata ba. Ko ranar farko a bayan randuna, da harara ta karɓi taimako. Yanzu kuwa kowa da tausayi yake zuwar mata, har ita Rukmini.

Ta kai hannu kwanon gishiri, don ta lura ba ta sa ba tukuna. Ta tsunkuno, ta riƙe. Sannan ta mayar.

Ta rufe farantin da ganyen ayaba ta fita ta titi, ta zagaya ta babbar jar ƙofar gidan su Liem, taku ɗari da arba'in. Ta wuce Hok Sing a zaure ta shiga ɗakin.

"Cik, ba dubiya na zo ba. Aiki na kawo. Bota na jirana, ki yi sauri."

"Mak," in ji Hok Sing daga baya, "ko ruwa fa da ƙyar..."

"Kai, matsa can. Na goya ka tun likitanka bai san hanyar makaranta ba."

Ta buɗe ganyen ta ajiye farantin a kan katifa, wajen hannun hagu, ta koma gefe ta naɗe hannu. Ba ta ɗauki cokali ba, ba ta ce daure ki ci ba. Ƙamshin pandan ya cika ɗakin. Aka jima. Sai hancin Giok ya motsa. A hankali kan ya baro bango, ido ya sauka a kan kifin shuɗi. Yatsa ɗaya na hagu ya ja jiki ya lakato, ya yi doguwar tafiya har baki.

Rabin fuskar da ke aiki ya yamutse. Ta daki katifa da tafin hannu. Ta ɗaga babban yatsa da manuni ta murza su, sau biyu.

"Gishiri, tsunki biyu," in ji Mbah. "To, na ji."

Ta koma gida ta sa tsunki ɗaya. Ta sake zagayowa, a wannan karon da ɗan kwanon kunun shinkafa da kofin shayi. Ta ajiye su inda suka saba zama, ba ta ce komai a kansu ba. Giok ta kalli sabon kwaɓin, ta kalli kunun. Ba ta taɓa ɗora ɗanɗano a kan ɗanɗano ba, kuma ba ranar za ta fara ba. Ta miƙa hannu ga cokali. Rabi ya zube a wuyan riga, rabi ya shiga. Hok Sing ya fita tsakar gida da sauri, aka ji yana fyace hanci.

Ranar sau huɗu Mbah ta zagaya. Cokali huɗu na kunu.

Alhamis ta cika bawon lemo har sai da idon Giok ya kawo ruwa, cokali shida kafin harshe ya wanku. Juma'a ta yi da kwakwar da ta kwana. Giok ta ture farantin da bayan hannu, ta yi wani gurnani a maƙogwaro wanda duk mai kunne ya san zancen agwagi ne.

"Na ji, na ji," in ji Mbah. "Ba sai kin tara mini jama'a ba. Sha shayinki."

Kwaɓin da aka ɓata ba ya gyaruwa duka, kuma Mbah ba ta zubar da abinci. Haka ta riƙa gasa su tana jerawa a kwalabe, wani ba gishiri, wani ɗaci-ɗaci. Abin da ya fi damunta ba wannan ba ne. Tana azumi, kuma tana ha'inci. Ta kiyaye bakinta ƙwarai, ko sau ɗaya ba ta ce na sa ba alhali ba ta sa ba. Amma ta san hannu ma yana ƙarya. Idan ta idar da salla sai ta daɗe tana kallon tafukanta.

Asabar Giok ta shanye rabin kwano, ta nuna a ƙaro. Lahadi da safe Mbah ta yi kwaɓi tsakaninta da Allah, iyakar saninta, ta gasa tiren farko ta kai guda uku da ɗuminsu. Giok ta sa ɗaya a baki ta rufe ido. Irin biskit ɗin nan ba a tauna shi, kan harshe yake narkewa. Ta sha kunu, ta ɗauki na biyu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ture na ukun.

A zaure Hok Sing ya tare ta. Akwatunan da ya ɗaure tun Juma'a suna jingine da bango.

"Likita ya ce in tana ci haka a bar ta inda take. Zan nemo mai jinya ta zauna da ita." Ya ɗan yi murmushi. "Mak, shekara hamsin ban taɓa jin kin manta gishiri ba."

"Azumi nake, Sing. Kada ka ja ni da magana. Kwance kayan nan, sun tare hanya."

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, kowa ya shiga gida-gida neman gafara kamar yadda aka saba. Mbah ta sa sabon zaninta ta zagaya ta jar ƙofa da kwalba biyu. An zaunar da Giok a kujera, an taje mata kai. Mbah ta durƙusa a gabanta duk da ciwon gwiwa, ta kama hannun hagu, mai zafin nan, ta riƙe cikin nata.

"Cik, ki yafe mini na fili da na ɓoye. Na ha'ince ki sau uku. Gishirin nan da gangan ne, lemon da gangan, kwakwar ma da gangan."

Giok ta zare hannunta. Ta ɗaga yatsu huɗu.

"Uku ne, Cik."

Yatsu huɗu.

"Laraba, Alhamis, Juma'a. Asabar kwaɓin Juma'a na yi ta gyarawa. Na Lahadi kuwa da gaske na yi shi, Allah shaida."

Yatsun ba su sauka ba. Rabin bakin ya ɗan karkace sama. Sannan ta kamo hannun Mbah ta ɗora a goshinta, ta lumshe ido, suka zauna haka har baƙi suka fara sallama.

Mu kuwa biskit marar gishiri muka yi ta ci har Babbar Sallah, baƙi na yabawa don kunya. Mbah ta shafe watanni tana bin na Lahadin nan a ranta, ko tana tsintar shinkafa sai a ji ta ce, "To ko ƙwan ne?" An matsar da gadon Giok ɗakin da ke jikin kicin, ana barin tagar a buɗe don su ji motsin juna. Watan azumi uku Giok ta ƙara gani a gidanta, tana ɗanɗanawa, kafin ta rasu a kan gadon nan.

Magana kuwa sai da daminar shekarar ciwon ta kankama ta fara dawo mata, kalma ɗaya-ɗaya. Wata safiya ana ruwa, Mbah na dama kunu, sai ta ji an ƙwanƙwasa katakon taga daga can.

"Yu."

Ludayin ya tsaya a hannunta. "Na'am, Cik."

Aka daɗe ana kokawa da harshe a bayan bango. Ruwa na zuba a randunan rini.

"Wuta," in ji Giok. "Ta yi... yawa."

Mbah ta kalli tanderun da ke rataye a ƙusa, ta kalli baƙin gilashinsa.

"Amma dai guda biyu kika ci."

"Yunwa," in ji Giok.